Wasiƙa Zuwa Ga Aminina Kan Farfesa John Crofton

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya baƙunta? Na samu labarin an mayar da kai sashen masu tarin fuka, na kuma ji wai ranka bai so ba. Ni dai murna na yi maka, shi ya sa na ɗauki alƙalami in ba ka labarin wani likita, John Crofton, domin duk ƙwayar da za ka miƙa wa majinyaci a wurin nan akwai guminsa a ciki.

Yana cikin likitocin asibitin Brompton na Landan da suka yi aikin gwajin allurar streptomycin, wanda aka fitar da sakamakonsa a 1948. Majinyata 107 aka raba gida biyu, wasu aka yi musu allura, wasu aka bar su da kwanciyar gado kawai, don ita ce maganin zamanin. Masu allura suka samu sauƙi, mutuwa ta ragu a cikinsu. Ba a jima ba cutar ta dawo wa da yawa daga cikinsu, ta kuma daina jin allurar sam.

A nan ne hankalinsa ya tsaya. A huhu ɗaya akwai miliyoyin ƙwayoyin cutar, kuma ba a rasa 'yan ƙalilan da tun asali ba sa jin wani magani. In ka ba da magani guda, sai ya kashe masu rauni ya bar wa masu taurin kai fili su hayayyafa, kamar manomin da ya sassabe ciyawa ya bar saiwa a ƙasa. Amma da wuya a samu ƙwayar da za ta bijire wa magani uku a lokaci ɗaya.

Da ya koma Jami'ar Edinbura a Sikotlan a 1952 a matsayin farfesan cututtukan numfashi, sai shi da abokan aikinsa suka tsayar da doka: kowane majinyaci za a haɗa masa magunguna uku, wato streptomycin da PAS da isoniazid, tun daga farko, ya yi ta sha fiye da shekara, ana auna kakinsa a kai a kai. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suke yi idan magani bai ci ba. Ba sa ɗora wa majinyaci laifi su wuce. Sai sun bi diddigi sun gano inda aka kuskure, kuma sau da yawa a hannun masu ba da maganin ne. Tsakanin 1954 da 1957 sababbin masu kamuwa a birnin suka ragu da fiye da rabi. Likitocin wasu wurare suka ƙi yarda, suna ganin abin ya yi kyau da yawa, har sai da aka maimaita gwajin a ƙasashe da dama ya tabbata.

Bai tsaya nan ba. Yana cikin waɗanda suka ja ragamar yaƙi da taba sigari a Birtaniya, shi da matarsa Eileen, kuma Allah ya nuna musu 2006, shekarar da Sikotlan ta hana busa ta a wuraren taruwar jama'a. Ya rasu a 2009 yana da shekara 97.

Magungunan sun canza, yanzu huɗu ne a wata biyun farko, sannan biyu a wata huɗun da ke biye, amma tsarin nasa ne. Ka san halin mutanenmu: da tari ya lafa, jiki ya murmure, sai a ce an warke a ajiye magani. Wallahi wannan ne ke ci min tuwo a ƙwarya, domin ta nan ake samun tarin da ba ya jin magani. Don Allah duk wanda bai zo karɓar nasa ba ka kira shi, in ta kama ka bi shi har gida, ka ji ko kuɗin mota ne ya hana shi ko kunya.

In ka samu hutu ka biyo ta Zariya mu leƙa cibiyar horarwa kan tarin fuka da kuturta ta Saye tare. Ka gaishe min da Hajiya da su yara.

Naka,
Amininka na Zariya