Yaron da ke maimaita wasa ɗaya ba ƙiriniya yake yi ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da 'yan'uwana iyaye kan wani abu da muke yawan tsawata wa ƙananan yara a kansa, wani lokaci har da duka. Yaro ya yar da cokali, a ɗauko masa, ya sake yarwa, sai a ce ƙiriniya ce ko neman rigima. Ni malamar ajin nazire ce, kuma wannan hukunci yana damuna ƙwarai.

Jean Piaget, masanin tunanin yara ɗan ƙasar Suwizalan da ya rasu a 1980, ya nuna cewa da hannu da ido da baki jariri ke fara fahimtar duniya. Yana maimaita motsi ne har ya gane abin da ke biyo bayansa. Mai yar da cokali tambaya yake yi: kullum ƙasa yake faɗawa? Ƙararsa ɗaya da ta kofi? A shekarun 1970 wata malama a Ingila, Chris Athey, ta bi diddigin wasan yara, ta ga kowane yaro da salon da ya kama shi: mai jifa, mai jera abubuwa, mai lulluɓe su, mai juya duk abin da ke juyawa.

'Yata ta biyu jigila ce ta kama ta. Tana da shekara biyu, sai ta loda takalman gida a bokiti, ta ja shi zuwa ɗaki, ta juye, ta sake lodawa. Na ba ta jaka da tsofaffin safa, ina ce mata "ya cika", "ya yi nauyi", "babu komai ciki". A nan ta kama waɗannan kalmomi, domin hannunta ya riga ya san ma'anarsu.

Maria Montessori, masaniyar koyar da ƙananan yara 'yar ƙasar Italiya, wadda ta buɗe makarantarta ta farko a birnin Rum a 1907, ta ga yarinya 'yar shekara uku tana zare katakai daga ramukansu tana mayarwa fiye da sau 40. An ɗaga ta da kujerarta an ɗora kan tebur, ba ta daina ba.

Don Allah mu riƙa lura kafin mu hana. Mai jifa a ba shi ƙwallo mai laushi da kwandon da zai jefa ciki, a kawar da abin da zai fashe. Amma idan maimaitawar ta zo tare da rashin waiwayowa in an kira sunansa, ko jinkirin magana, ko ƙin haɗa ido da mutane, a kai shi wurin likitan yara da wuri.

Na gode.
Wata malamar nazire