Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamna Dauda Lawal: Dalma Ta Dawo Tsakar Gidajenmu

Assalamu alaikum, Mai Girma Gwamna. Ina gaisuwa, ya aiki, ya jama'a? Ka gafarce ni, ba zan tsawaita gaisuwa ba, abin da ke cin raina ba zai bar ni ba.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye na ƙasar Anka. Ba zan ambaci sunan ƙauyen ba, kai ma ka san dalili. Kwanakin baya, bayan la'asar, na shiga gidan maƙwabcina aron galma. Na tarar da shi tsugune gaban murhun matarsa, murhun da aka sauke tuwon rana a kai, yana narka dalma don ya samu abin ɗura wa bindigarsa ta toka. Ɗan autansa, wanda ko yaye shi ba a yi ba, yana rarrafe a gefe yana tsintar ɗigon da ya zuba ƙasa ya daskare, saboda yana ƙyalli. Da kyar na fizge guda a hannunsa kafin ya kai baki. Na ce, "Haba Malam, dalma ce fa! Ka manta?" Ya ɗago ya dube ni, idanunsa jawur don rashin barci, ya ce, "Ban manta ba, Malam. Amma ita a hankali take kisa. Ɓarayin daji kuwa in sun zo, dare ɗaya ne."

Na rasa amsar da zan ba shi. Shi ya sa na kawo maganar gare ka.

Ranka ya daɗe, ba kai za a ba labarin 2010 ba. Ka san Dareta, ka san Abare da Yargalma da Sunke da Bagega. Ka san yara fiye da 400 ne suka mutu a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, saboda ana kawo duwatsun zinariya gida ana daka su ana niƙawa, ƙurar dalma tana sauka a tsakar gida, a kwanon abinci, a tabarmar da jariri ke kwance. Ina cikin waɗanda suka haƙa ƙananan kaburbura a wancan lokacin. Yaro yana wasa yau, gobe sai amai, sai jijjiga, sai a naɗe shi a ɗan ƙyalle. Mun ce iska ce, mun ce sanƙarau ne, sai da likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa, MSF, suka zo aka gano guba ce. Waɗanda suka rayu kuma, wasunsu sun zauna a ajina daga baya. Ka koya wa yaro baƙi yau, gobe ka tarar kamar ba a taɓa yi ba. Ba daƙiƙanci ba ne, dalma ce ta taɓa ƙwaƙwalwa, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka kwashe aka zuba sabuwa, Bagega ma ba ta samu wannan aikin ba sai 2013, bayan an sha kiraye-kiraye.

Wannan gubar da aka kashe shekaru da maƙudan kuɗi ana fitarwa daga gidajenmu, ita ce yau magidanta ke mayarwa da hannunsu. Wancan karon neman abinci ne ya shigo da ita. Wannan karon tsoro ne.

Kuma ba ƙaramin abu ba ne. Dalma ba ta buƙatar zuga-zugin maƙeri, wutar girki ta ishe ta, shi ya sa aikin ya baro maƙera ya shigo madafi. Turirinta yana shiga huhun mai yi da na matar da ke tankaɗe a kusa. Tokar murhun tana gauraya da ita, a share a watsa bayan ɗaki inda kaji ke tono, yara ke wasan ƙasa. Mai ciki in ta shaƙa, tana kaiwa ga abin da ke cikinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da bayyana cewa babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba shi da illa. Mutanenmu kuwa ba don mugunta suke yi wa iyalinsu wannan ba. A ganinsu kare iyalin suke yi.

Akwai kuma abin da ya ƙara tayar mini da hankali. Wani tsohon ɗalibina, saurayi mai hazaƙa, ya nuna mini bidiyo a wayarsa: wani Bature a Amurka yana zuba harsasan ƙaramar bindiga a gidansa, irin masu rami a baki, waɗanda ke bajewa in sun shiga jikin mutum su yayyaga nama. Yaron yana kallo da sha'awa, yana cewa da zai samu kayan aikin da ya gwada. Na ce masa, ɗana, ka san mene ne wannan? Irin harsasan nan masu bajewa, da ake kira dum-dum da sunan wata ma'aikatar makaman Turawan Ingila da ke kusa da Kalkata a Indiya, tun 1899 ƙasashe suka taru a birnin Hague suka amince kada a yi amfani da su a yaƙi, saboda munin raunin da suke yi. Abin da sojoji suka ga ya yi muni a fagen fama, shi ɗan shekara goma sha tara ke mafarkin ƙerawa a ɗakin uwarsa. Wannan yaron lissafi ya iya, ranka ya daɗe. Injiniya ya kamata ya zama. In ya ƙware a wannan sana'a da sunan kare gari, gobe da yunwa ta matsa, wa kake jin zai zo masa da kuɗi a hannu?

Na san abin da doka ta ce. Dokar makamai ta ƙasa, wadda ta samo asali tun 1959, ta hana ƙera bindiga ba tare da izini ba, kuma ba na neman a sassauta ta. Amma ka tuna yadda aka rikita talaka. A watan Yunin 2022 gwamnatin da ta gabace ka ta fito fili ta ce kowa ya nemi lasisi ya mallaki bindiga ya kare kansa. Ba a jima ba manyan jami'an tsaro a Abuja suka ce gwamna ba shi da wannan hurumin. Mutumin ƙauye bai ji kashi na biyu ba, na farkon ya ji, kuma shi ya riƙe: gwamnati da bakinta ta ce ku tashi ku kare kanku. Lasisi bai zo ba, tsaro bai zo ba, sai ya waiwaya ya ga murhu.

Kai kuma da ka zo a 2023, tsaro ka sa a gaba, kuma don shi muka yi dogon layi a rana. A watan Janairun 2024 ka ƙaddamar da Askarawan Zamfara a Gusau, mun ji daɗi, mun yi addu'a, kuma ba zan ci haƙƙinsu ba, akwai waɗanda suka ba da ransu. Mun kuma ji ka da kanka kana cewa ka san inda jagororin ɓarayin daji suke, kuma da jami'an tsaro suna ƙarƙashin umarninka da ka gama da matsalar cikin wata biyu. Na yarda sojoji da 'yan sanda ba a hannunka suke ba. To, Ma'aikatar Lafiya fa? Ma'aikatar Muhalli fa? Gidan rediyon jiha fa? Waɗannan ai naka ne, ba sai ka nemi izinin kowa a Abuja ba.

Don girman Allah, ka tura ma'aikatan lafiya su gwada jinin yara a ƙauyukan da ke bakin daji, ba garuruwan haƙar zinariya kaɗai ba. Ƙwarewar tana nan. 'Ya'yan jihar nan ne suka yi aiki da MSF fiye da shekara goma, sun san gwajin, sun san maganin da ke fitar da dalma daga jini. Kada a bari sai an fara haƙa ƙananan kaburbura sannan a kafa kwamiti. Ka sa a yi shela a rediyo da Hausar da tsohuwa za ta gane. Ka kira sarakuna da hakimai da limaman Juma'a, ka kira sarakunan maƙera musamman, domin su suka san wa ke sayen me a kasuwa, kuma maganarsu tana shiga inda ta jami'i ba ta shiga. Masu sayen tsofaffin batiran mota suna fasawa a cikin unguwa su ma a sa musu ido, ruwan batirin da ƙurarsa duk a lungunmu suke ƙarewa.

Ina roƙonka kuma, kada amsar wannan wasiƙa ta zama kame. Abu ne mai sauƙi a cika mota da manoma masu bindigar toka, a jera su gaban 'yan jarida. Amma harsasan AK-47 da ake ɓarin wuta da su a kanmu ba a murhun kowa aka zuba su ba. Daga ma'aikata suka fito, a mota da babur ake shigo da su, ta hanyoyin da ke da shingaye. Can ya kamata ƙarfin hukuma ya fi nufa. In aka ƙwace abin da ke hannun maƙwabcina ba tare da an ajiye masa mai gadi ba, an dai ɗaure shi ne an miƙa. Ranar da ya ga askarawa ko sojoji sun kwana a garinmu mako guda a jere, wallahi ni na san da kansa zai jefar da gwangwanin narka dalmar nan, domin ba son aikin yake ba.

Maganar hanyarmu da ta mutu, da makarantun da aka rufe, da gonakin da ba a nomawa sai an biya haraji ga 'yan bindiga, ka san su, wasu sun rubuto maka.

Na samu na lallashi maƙwabcin nawa ya bar yi a cikin gida, matarsa kuma ta sake murhu ta kwashe ƙasar wurin. Iyakar abin da malamin firamare zai iya ke nan. Ɗan autan nan nasa kuwa kwana biyu ke nan ba ya cin abinci sosai, uwarsa ta ce haƙori ne yake fitarwa. Allah Ya sa haƙorin ne. Amma a duk yankinmu ban san inda zan ce ta kai shi a gwada jininsa gobe da safe ba, kuma wannan ita ce tambayar da nake jiran amsarta daga gare ka.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin firamare daga ƙasar Anka, Jihar Zamfara