Ranar da Akuya za ta Haihu, Mai Ita ya Zauna Kusa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana da 'yan'uwana masu ƙaramin kiwo, waɗanda awakinsu ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba. Abin da ya hana ni sakat shi ne yadda 'ya'yan awaki ke mutuwa a hannunmu kwana biyu ko uku da haihuwa, mu ce "ba rabonmu ba ne", mu jefar, mu zauna jiran wani cikin. Na yarda kowane rai da ajalinsa. Amma na daɗe ina kiwo, kuma abin da idona ya gane mini shi ne yawancin waɗannan 'ya'ya yunwa da sanyi da ƙazanta ne ke kashe su, a daidai lokacin da mai akuyar yake barci ko ya fita harkarsa, don an saba cewa akuya ba ta bukatar ungozoma.

Gaskiya ne, galibi da kanta take haihuwa lafiya lau. Idon mai ita take bukata, hannunsa kuwa sai in ta kama dole.

Aikin yana farawa tun ranar barbara. Cikin akuya wata 5 ne, wato kwana 150, ana iya samun ragi ko ƙari na kamar kwana 5. Wanda ya rubuta ranar da bunsuru ya hau ta, ko da gawayi ne a jikin bango, ya san makon da zai daina nisa da gida. A makonni 6 na ƙarshe ne ɗan ke yin kusan kashi 70 cikin 100 na girmansa, ga shi kuma ya danne tumbin uwar, ba ta iya cin da yawa a lokaci guda. Saboda haka a wannan lokaci ake ƙara mata abinci mai kyau kaɗan-kaɗan, da ruwa mai tsabta da gishirin lasa. Mai ɗauke da tagwaye ko 'yan uku, in ta fara ƙin ci, tana cizon haƙora, tana kwanciya ta ƙi tashi, a kira likitan dabbobi a ranar, kada a ce a bari a gani zuwa gobe. Jikinta ne ya koma cin kansa don ya ciyar da 'ya'yan, kuma wannan ciwo ba ya jira.

In haihuwa ta matso, akuya ba ta ɓoyewa. Hantsa za ta cika ta yi tauri har tana sheƙi. Akwai jijiyoyi biyu a gefe da gefen gindin wutsiya, kaurinsu kamar fensir. Na saba taɓa su safe da yamma a makon ƙarshe, kuma ranar da na lalube su na rasa, wurin ya yi taushi ya lotsa, na san ba za ta wuce yini da kwana ba. Jar akuyata mai karyayyen ƙaho, wadda kullum ita ce kan gaba wajen kwanon abinci, ranar haihuwarta sai ta ware kanta a lungu. Tana tono ƙasa da ƙafar gaba, ta kwanta, ta miƙe, ta waiwaya tana kallon cikinta tana wani ƙaramin kuka ƙasa-ƙasa wanda ba ta yin irinsa sai ga ɗanta. Da na ji wannan kukan sai in kwance ta daga turke, don akuya mai naƙuda ba a barin igiya a wuyanta. In share wuri busasshe inda iska ba ta kaɗawa, in shimfiɗa busasshiyar ciyawa, in ajiye sabulu da ruwan ɗumi da tsumma mai tsabta da aidin da fitila. Sannan in koma gefe in yi shiru.

Wannan kai-kawo yana iya kai awa 12, kuma ba abin tashin hankali ba ne. Lissafi yana farawa ne daga lokacin da faya ta fashe, akuya ta kama yunƙuri da ƙarfi. Abin da ake so a gani shi ne kofato biyu na ƙafafun gaba, tafinsu yana kallon ƙasa, hanci yana kwance a kansu. In haka ne, a bar ta, sau da yawa kafin rabin awa ya faɗo. In tafin kofaton yana kallon sama, galibi ƙafafun baya ne, ɗan ya juyo da baya. Shi ma yana fitowa, sai dai da zarar ƙugu ya fito ba a son jinkiri, domin cibiya ta matse alhali kai yana ciki.

Abubuwa biyu nake roƙon masu kiwo su bari. Na farko, jan ɗa da zarar an ga ƙafa. Na biyu, sayo allurar naƙuda a danna wa akuya ba tare da an san yadda ɗan ya kwanta ba. In ƙafa ɗaya ta lanƙwashe baya, ko kai ya juya gefe, ko tagwaye sun taho tare sun cushe, allurar za ta sa mahaifa ta riƙa matsawa a kan hanyar da ke toshe, kuma tana iya yagewa. Idan akuya ta yi minti 30 tana yunƙuri mai ƙarfi ba wani ci gaba, lokacin dubawa ya yi. A yanke farce, a wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, a sa safar hannu in akwai, a sa hannun ya yi santsi, a shiga a hankali a tsakanin yunƙuri. A bi ƙafar da yatsa har kafaɗa a tabbatar ita da kan na ɗa ɗaya ne. In za a ja, sai tana yunƙuri, kuma a ja zuwa ƙasa wajen ƙafafunta. Wanda bai gane abin da hannunsa ke taɓawa ba ya fitar da shi ya nemi likita, babu abin kunya a ciki.

Da ya faɗo, a share masa yauƙin hanci da baki. In bai yi motsi ba a goge ƙirjinsa da tsumma da ɗan ƙarfi, ko a sa masa tsinken ciyawa a hanci ya yi atishawa. Daga nan a ajiye shi gaban uwar. Lasar da take yi masa tana busar da shi, tana motsa jininsa, kuma da ita take riƙe warinsa ta san nata ne. Shi ya sa ba na son a ɗauke ɗa a kai wa yara su gani, ko a wanke shi. Cibiya kuwa a tsoma ta cikin aidin har gindinta. Ƙofa ce buɗaɗɗiya, ta nan ƙwayar cuta ke shiga daga kashin da ke ƙasa, bayan mako ɗaya ko biyu a ga gwiwoyin ɗan sun kumbura yana ɗingishi, a rasa daga ina.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami, wato dakashi, nonon farko mai kauri mai ruwan ɗorawa. Ɗan akuya yana zuwa duniya ba shi da garkuwar jiki, domin mahaifar akuya ba ta barin garkuwar uwa ta ratsa zuwa gare shi. Duk kariyar da zai rayu da ita a makonnin farko tana cikin dakashi. Hanjinsa kuma ba ya daɗewa yana karɓarta: bayan awa 12 karɓar ta ragu sosai, zuwa awa 24 ya daina karɓa. Wanda ya sha a awa ɗaya ko biyu na farko ya sami rabonsa cikakke. Wanda bai sha ba sai washegari, cikinsa zai cika, amma ba shi da abin kare kansa, kuma shi ne za a ga gudawa ko ciwon huhu ya kayar da shi bayan 'yan kwanaki. A yinin farko yana bukatar kamar kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa. Mai kilo 2 ke nan zai sha wajen mililita 200, ba a zama ɗaya ba, kaɗan-kaɗan.

Ganin ɗa a ƙarƙashin uwa ba shi ne shaidar ya sha ba, kuma a nan ne da yawa ke ruɗuwa. Kan nonon akuya yakan toshe da wani ɗan dasƙararren abu, jariri marar ƙarfi ya yi ta tsotso ba abin da ke fita. Don haka nakan tatsa kowane nono sau biyu ko uku in ga ya fito da idona. Wani kuma gashi yake tsotsa, ko nonon ya yi masa girma. Wanda yake samu za a ga wutsiyarsa tana kaɗawa, bakinsa da ɗan kumfa, in aka ɗaga shi aka taɓa ciki a ji shi a cike. Kashinsa na farko baƙi ne mai danƙo, daga baya ya koma ruwan ɗorawa, alamar nono ya ratsa. Mai jin yunwa yana tsayawa a takure, baya a gantsare, yana kuka ba ƙaƙƙautawa. In kukan ya ɗauke ya kwanta shiru, abin ya yi nisa.

A irin wannan hali a sa yatsa a bakinsa. Zafin jikin lafiyayye wajen digiri 39 ne, bakinsa da ɗumi, kuma zai kama yatsan ya tsotsa. In bakin ya yi sanyi, kada a ɗura masa komai, don wanda ba ya iya haɗiya huhunsa nonon zai tafi. A fara ɗumama shi. Ni nakan sa shi cikin leda, kansa a waje, in tsoma jikin cikin ruwan ɗumi ina murza shi, ko in sa shi cikin rigata ya jingina da jikina. Sai ya fara ɗaga kai yana neman yatsa sannan in tatso dakashin uwar in ba shi da bulumboti ko sirinji marar allura, ɗigo-ɗigo a gefen baki. In uwar ta mutu ko ba ta da nono, a nemi na wata akuyar da ta haihu a ranar, in babu a nemi na tunkiya ko saniya sabuwar haihuwa. Madarar yau da kullum ba ta maye gurbinsa.

Akuya nono biyu gare ta, don haka in ta haifi uku, ƙaramin ne zai riƙa kwana da yunwa sai an tsaya masa. Mai haihuwar fari kuma takan tsorata ta riƙa tunkuɗe ɗanta. Kada a doke ta. A keɓe su a ɗan ƙaramin wuri, a riƙe ta ya sha sau da yawa a yini, galibi cikin 'yan kwanaki za ta karɓe shi.

Mabiyiya takan faɗo cikin 'yan awoyi. Ba a jan ta, ba a ɗaura mata dutse. In ta wuce awa 12 tana rataye, ko akuyar ta fara wari da zazzaɓi, aikin likita ne. Da ta faɗo a binne ta da zurfi inda kare ba zai tono ba. A nan ina da magana ta musamman ga mata 'yan'uwana, tunda mu ne muka fi kusa da awaki: mai juna biyu kada ta karɓi haihuwar akuya, kada ta taɓa mabiyiya ko ɗan da aka yi ɓarinsa. Akwai cututtuka irin su burusela da zazzaɓin Q da ke bin ruwan haihuwa su kama mutum, wasunsu suna jawo ɓari. A sa wani ya yi, shi ma ya wanke hannu sosai.

Uwar a ba ta ruwa mai yawa nan take, don ta sha wahala kuma nono ruwa yake ci. A riƙa duba cikin fatar idonta, in ta yi fari fat galibi tsutsotsin ciki ne ke shan jininta, kuma sun fi samun galaba a kanta a makonnin haihuwa. Hantsar da ta yi zafi ta ƙanƙare a gefe ɗaya ita ma ba a kwana da ita. 'Ya'yan za su fara taɓa ciyawa tun suna mako ɗaya zuwa biyu, a yaye su a wata 2 zuwa 3. A raba mazan da matan kafin wata 4, don ɗan bunsuru yana iya yi wa ƙanwarsa ciki tun ba ta yi ƙwari ba, kuma irin waɗannan ƙananan ne ɗa ya fi maƙale wa.

Roƙona gare ka, Malam Edita, guda biyu ne. Ka riƙa gayyato likitan dabbobi yana amsa tambayoyin masu akuya uku ko huɗu, ba masu manyan garke kaɗai ba. Sannan ku buga ɗan jadawali da mutum zai yanke ya liƙa a bango, mai nuna ranar barbara da ranar da za a sa ran haihuwa: wadda bunsuru ya hau ranar 1 ga Janairu, a fara kwana da fitila a kusa daga 26 ga Mayu.

Na gode da wannan dama.

Mai karanta jaridarku,
Wata mai kiwon awaki