Bayan Ruwa Ya Janye: Aikin Da Ke Jiran Ƙauyukan Bakin Kogin Haɗejia

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka domin mu yi magana da 'yan'uwanmu na karkarar Jigawa, da kuma masu kai musu ɗauki idan ruwa ya ci gari.

A watan Mayun 2021 dutsen Nyiragongo ya yi aman wuta a gefen birnin Goma na ƙasar Kwango. Narkakken dutsen ya tsaya a bakin gari, amma a hanyarsa ya lalata ma'ajiyar ruwan sha da bututunta, dubban gidaje suka wayi gari ba ruwan famfo. Cikin 'yan kwanaki hankalin ma'aikatan lafiya ya koma kan kwalara a wuraren da jama'a suka yi gudun hijira. Mu nan Allah bai haɗa mu da dutse mai aman wuta ba, namu ruwa ne. Sai dai wanda ya ga halin da ƙauyukan Ringim, Miga, Auyo, Kafin Hausa da Kirikasamma suka shiga bayan ambaliyar 2022 ya san cewa wahala ta biyu tana farawa ne ranar da ruwa ya janye. Shinkafa da tabarma da bargo suna zuwa a makon farko, an kuma gode. Abin da ke tayar da gari kuwa wasu ayyuka ne da kowanne yake da lokacinsa, idan ya wuce sai baɗi.

Rijiya ce farko. Duk rijiyar da ambaliya ta haura bakinta ta sha ruwan masai da na mushe, ko da idonka ya ga ruwan garau. Sai an yashe ta, an kwashe laka da tarkace, an gyara bakin ya ɗaga sama da ƙasa, sannan a zuba magani. Yawancinmu kan juya tsarin, a zuba kulorin cikin ruwa mai laka, lakar ta cinye ƙarfinsa, a yi asarar magani a kuma sha da kwanciyar hankalin banza. Lissafin ba wuya. Rijiya mai faɗin mita ɗaya tana ɗaukar kusan lita 800 a kowace mita ta zurfin ruwa, wato duro huɗu. Garin kulorin mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70, shafaffen cokalin cin abinci ɗaya ga kowane duro. Ruwa mai zurfin mita biyu ke nan cokali takwas. A dama a bokitin roba, a bari ya kwanta, a tsiyaye na saman cikin rijiya, a wanke bangonta da guga da igiya da shi, a rufe ta kwana. Wannan haɗin na wanki ne, ba a shan sa; washegari a yi ta kwashe ruwan har warin ya tafi. Kuma maganin ba ya zama a rijiya har abada. Idan an dawo ana yar da guga a ƙasa inda awaki ke tattakawa, ko an haƙa sabon masai kusa da ita, an koma gidan jiya. A bar aƙalla mita 30 tsakani, kimanin taku arba'in na babban mutum, masan kuma ya kasance ta gangare.

Masu shiga yasa su saurara da kyau. A 1986 wata iska mai nauyi, marar wari marar launi, ta taso daga tafkin Nyos da ke ramin tsohon dutse mai aman wuta a Kamaru, ta kwanta cikin kwaruruka ta kashe mutum fiye da 1,700. Irin wannan iskar tana taruwa a gindin rijiyar da ganye da dabbobi suka ruɓe a ciki. Kafin kowa ya sauka a zura fitila ko kyandir da igiya. In ta mutu, mutum ma ba zai rayu a wurin ba. Mai sauka ya ɗaura igiya a ƙugu, mutum biyu na riƙe da ita a sama. Injin jan ruwa kuma a ajiye shi nesa da bakin, hayaƙinsa ma kisa yake. Idan wani ya faɗi a ciki, kada ɗan'uwansa ya bi shi haka nan. Ta haka gida ɗaya kan yi gawa biyu.

Kafin rijiya ta gyaru, a tafasa ruwan sha ya yi minti guda yana ɓararraka. Yaron da ya fara gudawa a ba shi ruwan gishiri da sukari tun kafin a nemi abin hawa zuwa asibiti: lita ɗaya, wato ruwan leda biyu, shafaffen ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Gishirin kada ya wuce haka.

Sai ɗakuna. Ginin ƙasa yakan jure ruwa yana tsaye, ya zo ya faɗi bayan kwanaki da janyewarsa, saboda gindin ya jiƙe ya yi laushi alhali nauyin azara da ƙasar rufi na nan a kansa. Maigida ya duba gindin bango: in ya zaizaye, ko yatsa na nutsewa a ciki, ko tsaga ta ratso daga ƙasa zuwa sama, ko ƙofa ta fara ƙin rufuwa, kada iyali su kwana a ɗakin. Gara rumfa a tsakar gida. Wajen sake gini, ruwa ya riga ya bar mana ma'auni, shi ne layin da ya zana a jikin bango da itatuwa. A cike fili, tushe ya haura wannan layin da kamar rabin mita, a yi sahun farko da dutse ko bulon siminti, sannan a ɗora tubali. Bulon ma a lura da shi: buhun siminti ɗaya kada ya wuce bulo 35 na inci tara, a yi masa ban ruwa mako guda. Wanda aka buga hamsin a buhu ba ya da maraba da tubalin yashi. A saka indararo mai tsawo don kada ruwan rufi ya riƙa zuba a gindin bango.

Hatsin da ya jiƙe a rumbu abin tausayi ne, mun san ba a zubar da abinci da sauƙi. Amma masara ko gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da gubar da ke cin hanta, dafuwa ba ta kashe ta, kaji ma tana kashe su. A tsince mai tabo a binne. Sauran a shanya a kan leda har ƙwaya ta riƙa fashewa ƙas a haƙori. Irin shuka kuwa a gwada shi: ƙwaya ɗari cikin jiƙaƙƙen tsumma, a ƙirga masu tsiro bayan kwana bakwai. In sun kai tamanin, Alhamdulillahi. In sun gaza sittin a nemi wani.

Nan ne muke kira ga masu rabon tallafi. Manomin da ruwa ya cinye wa shinkafa da gero ba shi da abin dogaro sai noman rani. Alkama ana shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba don ta sami sanyin hunturu. Wadda aka makara da ita zafin Maris zai same ta tana zuba ido, ƙwayar ta tsamure. Irin alkamar da aka raba a watan Janairu tuwo kawai za a yi da shi. A kawo iri a watan Oktoba, tare da wake mai yin wuri da kankana da za su ci danshin da ruwa ya bari. Inda ambaliya ta ajiye laka, gona ta ƙaru. Inda ta jibge yashi, sai an kwashe ko an yi huɗa mai zurfi an haɗa da takin gida. Don damina mai zuwa akwai shinkafa FARO 66 da FARO 67, waɗanda aka fitar a 2017, masu jure nutsewa har kusan mako biyu. Manoman fadamarmu da yawa ba su taɓa riƙe su a hannu ba.

Injin ban ruwan da ya nutse kada a ja igiyarsa don a ji ko yana da rai. Ruwan da ke cikin silinda zai lanƙwasa sandar fistin. A cire fulogi, a tsiyaye baƙin mai da fetur, a wanke kafireto, a busar da matatar iska, a ja igiya ba fulogi har ruwa ya daina fesowa. A zuba sabon mai, a tayar na 'yan mintuna, in man ya koma kamar koko a sake canzawa. Shanu da tumakin da suka yi kiwo a fadamar da ruwa ya kwanta kuma a kira malamin dabbobi ya ba su maganin tsutsar hanta, a ɗaure su a busasshen wuri saboda ciwon kofato.

Saura kachalla, doguwar ciyawar nan mai tsirowa a cikin ruwa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ruwa ya daina ƙafewa a wasu rassan kogin, ciyawar ta sami wurin zama ta toshe hanyoyi, ruwa kuma ya nemi wata ta cikin gonaki da gidaje. Ƙona ta daga sama ba ya kashe ta, sabon toho take yi. Yanka ta ake yi a ƙarƙashin ruwa yadda kututturen zai nutse ya shaƙe, a fitar da abin da aka yanka zuwa tudu. Wannan da gyaran jinga aikin rani ne, tsakanin Janairu da Mayu, ko da injin gwamnati ko da gayya. Masu unguwanni da dagatai su zaga tun yanzu su rubuta inda jinga ta ɓalle a bana, da tsawon kowace ɓaraka, su miƙa wa hakimi da ƙaramar hukuma kafin shedar ruwan ta goge daga jikin bango.

Wassalam.

Daga wasu malaman gona da ma'aikatan tsaftar muhalli,
yankin Haɗejia, Jihar Jigawa.