Wasiƙa daga Agege a kan ƙwayar asuba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Aminiyata, bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da Abban yara da Inna da dukan mutanen gida. Mu nan Agege lafiya lau, sai ruwan damina da ya hana mu sakat. Saƙonki ya iso ni ranar Talata ina cikin danfo, mun maƙale a go-slow wajen Ikeja, na saurara sau uku. Muryarki ce ta tayar mini da hankali fiye da maganar. Kin ce wata huɗu ke nan kina shan maganin tayirod, amma har yanzu jikinki kamar an yi masa duka, gashi na zuba, kuma kina tunanin ko ki ninka ƙwayar ko ki watsar da ita ki koma na gargajiya. Don Allah kada ki yi ko ɗaya daga ciki kafin ki gama karanta wannan. Shekara uku ke nan ina kan hanyar da kika shigo, kuma ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Kin tuna lokacin da na zo bikin ƙanwarki, ana zafin bazara ni kuma ina lulluɓe da mayafi biyu? Ashe a lokacin abin ya riga ya kama ni. Fuska ta kumbura, fata ta bushe, bayan gida sai da wahala, barci ba ya ƙosar da ni. Da aka auna jinina, abin da suke kira TSH ya kai 18, alhali a yawancin ɗakunan gwaji ana son ya tsaya tsakanin 0.4 da 4. Likitar da ke duba ni ta yi mini bayanin da ban manta ba. Ta ce tayirod ɗin nan ƴar halitta ce a gaban maƙogwaro, siffarta kamar malam-buɗe-littafi, ita ke fitar da sinadarin da ke hura wutar jiki. TSH kuwa kira ne daga can ƙasan ƙwaƙwalwa, kamar uwa na ƙwala wa yaro kira. In yaron yana amsawa, murya ƙasa-ƙasa ta isa. In ya yi shiru, sai ta ɗaga murya. Don haka hawan TSH yana nufin aikin tayirod ne ya yi ƙasa. Nawa irin wanda ake kira Hashimoto ne, wato garkuwar jikin mutum ce da kanta take cin halittar a hankali, ba maƙoƙon rashin aidin ba irin wanda muka riƙa gani a wuyan tsofaffi muna yara, kafin a fara sa aidin a gishiri.

Aka ɗora ni kan lebotairoksin, ƙwayar da ke maye gurbin sinadarin tayirod, maikrogiram 50, daga baya 75. Na yi zaton mako guda zan miƙe. Ina! Maganin nan ba farasitamol ba ne. Yana ɗaukar kusan mako guda kafin rabin abin da kika sha ya bar jiki, shi ya sa yake taruwa a hankali, kuma ba a sake awon jini sai bayan mako 6 zuwa 8 da canza adadi. Wata shida na yi ina sha ba fashi, amma TSH ya ƙi sauka daga 7.

A nan ne nake so ki buɗe kunne. Wata rana likitar ta ajiye biro ta ce in ba ta labarin safiyata tun daga tashi. Na ce ina haɗiye ƙwayar da shayi mai kauri da madara, ga burodin Agege, sannan in bi da maganin ƙarin jini da na saya da kaina saboda kasala. Wani lokaci kuma yara su sayo awara. Ta yi shiru, sannan ta ce rabin maganin ma da wuya yana shiga jinina. Madara, nono, ƙwayar kalsiyam, maganin ƙarin jini, farin ruwan nan da ake sha don ƙwarnafi ko olsa, waken suya, har kofi, duk suna tare shi a hanji. Wallahi ranar sai da na yi hawaye a gabanta, don wata shida na wahala ne suka tafi a kan abin da ba wanda ya zauna ya faɗa mini. Ke ma na san ba kya wasa da fura da nono da safe, shi ya sa gabana ya faɗi da na ji saƙonki.

Yanzu ga yadda nake yi. Ƙwayar da kofin ruwa suna gefen gado. Da an yi kiran sallar asuba na farko sai in haɗiye da ruwa zalla, ba komai a ciki. Kafin in yi alwala, in yi salla da azkar, in tashi yara su shirya, awa guda ta wuce, sai in karya. Rabin awa ma yana yi in ana sauri, amma awa ta fi. Maganin ƙarin jini da kalsiyam sai bayan azahar, don a ba su tazarar awa 4 aƙalla. Da azumi na mayar da ita dare, lokacin kwanciya, bayan awa 3 da cin abinci na ƙarshe, da sanin likita. Cikin wata biyu da wannan gyara kaɗai TSH ya sauko zuwa 2, ba a ƙara mini ko maikrogiram ɗaya ba.

Sai maganar ajiya. Da a jaka nake yawo da shi, cikin zafin mota da gumin kasuwa, kuma kin san danshin Legas ko gishiri narka shi yake. Zafi da danshi da hasken rana suna rage masa ƙarfi. Ki bar shi cikin takardarsa, a durowa mai sanyi, nesa da kicin da banɗaki. Naku zafin na can ma ai ya fi namu ƙuna. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kuma ki yi ƙoƙari ki tsaya kan kamfani ɗaya. Akwai watan da wani kemis ya ba ni na wani kamfanin daban ya ce duk ɗaya ne. Sinadarin ɗaya ne, gaskiya, amma jiki yakan ji bambanci, kuma in canjin ya zama dole sai a sake awo bayan mako shida.

To amma ba zan ɓoye miki ba, ko da lambar ta daidaita, ban koma yadda nake da ba. Kasalar la'asar ta ƙi tafiya. Nan ne likitar ta ce ba kowace gajiya ce ta tayirod ba, mu duba wasu wuraren. Aka auna PCV, wato yawan jini, da feritin, wato ajiyar sinadarin ƙarfe a jiki, da bitamin B12 da D da suga. Ashe jinina ya yi ƙasa sosai, saboda al'adata tana zuwa da yawa, wanda shi ma ciwon nan yana jawo shi. Da aka gyara wannan yadda ya kamata, zubar gashin ta ragu, kodayake sai da ta ɗauki watanni, don gashi shi ne na ƙarshen dawowa. Ta kuma tambaye ni ko ina minshari da ɗaukewar numfashi a barci, da kuma ko raina yana ƙunci har in rasa sha'awar komai. Tambaya ta biyun ta taɓa ni. Kin san yadda ake yi mana: wannan ya ce son jiki ne, wancan ya ce sammu, wata ta ce kin yi ƙiba saboda hutu. Mutum yana jan jiki da ƙyar ana kallonsa a matsayin malalaci. In kina jin irin wannan nauyin a zuciya, ki faɗa wa likita a fili, ba abin kunya ba ne, kuma yana da nasa maganin.

Game da ninka ƙwayar, ki rufa wa kanki asiri. In ta yi yawa tana sa bugun zuciya da sauri, rawar hannu, gumi, rashin barci, kuma a kwana a tashi tana cin ƙashi, tana iya rikita bugun zuciyar gaba ɗaya. Watsar da ita kuma ba za ki ji komai ba a kwanakin farko, sai ki ɗauka kin warke, bayan makonni abin ya dawo ya fi na da. Irin namu yawanci shan rai da rai ne. Addu'a da tofi ki riƙe su, ni ma ina yi, amma jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba da ƙwayoyin aidin na kanti ki bar su. In kina shan bitamin ɗin nan da ake kira bayotin don gashi, ki dakatar da shi kwana biyu zuwa uku kafin awon jini, don yana rikita sakamako. An ce mini in daina garin rogo da kabeji. Likita ta ce wanda aka sarrafa da kyau, a ci daidai misali, ba shi ne matsalata ba.

Abu ɗaya da ban so ki manta: na san kuna fatan ƙarin haihuwa. Ranar da kika ga alamar ciki, kada ki daina maganin, ki garzaya asibiti a makon, don buƙatar jiki tana ƙaruwa tun farkon ciki, kuma ƙwaƙwalwar jariri a watannin farko da sinadarin uwa take ginuwa.

Ni dai har yau akwai ranakun da mantuwa ke damuna, sai na rubuta cefane a takarda kafin in tafi kasuwar Mile 12, kuma bayan la'asar nakan kishingiɗa na rabin awa ba tare da na nemi uzurin kowa ba. Likitar ta faɗa mini gaskiya cewa akwai masu shan maganin da lambarsu daidai take amma sauran alamu ba sa gushewa duka. Jin hakan daga bakinta ya sauke mini nauyi, don na daina zargin kaina. Ina da ƙaramin littafi da nake rubuta ranar awo, sakamako, adadin ƙwaya da yadda jikina yake, da shi nake shiga wajenta.

Ki ɗauki hoton takardar awonki na ƙarshe da kwalin maganin ki turo mini, ki kuma rubuto mini abin da kike ci daga asuba zuwa hantsi, kada ki rage komai. Ranar Juma'a bayan isha'i zan kira ki mu tsara tambayoyin da za ki yi wa likitanki. Ki gaishe mini da Inna, ki ce daddawar da ta aiko ta kusa ƙarewa. Allah Ya ba ki lafiya mai ɗorewa.

Taki har kullum,
ƙawarki ta Agege