Mu ma nas-nas muna buƙatar wanda zai duba mu

Edita, assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce a nan Sakkwato, shekarata 11 a aikin nan, kuma kullum sai na ji ana cewa nas-nas ba mu da haƙuri, sai tsawa. Ba zan musa ba don ni kaina na yi. Wani dare cikin zafin Afrilu an ɗauke wuta, mu biyu kacal a wad ɗin mata, tocila a bakina ina lalubar jijiya zan sa wa wata ƙarin ruwa, sai ga wata tsohuwa tana jan hijabina wai ɗiyata zo ki duba tawa, ban san sanda na daka mata tsawa ba, sa'ar uwata ce fa, har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Bayan nan ne wata abokiyar aikina ta nuna min wani tsari na tattara hankali wuri guda, wanda Jon Kabat-Zinn ya fara a 1979 a makarantar likitanci ta jami'ar Massachusetts a Amurka, sati 8 ake yin shi. Ba wani surkulle ba ne, zama za ka yi ka bi numfashinka yana shiga yana fita, in tunani ya gudu ka jawo shi ba tare da ka tsangwami kanka ba. Da farko dariya na yi na ce ai muna da salla, to amma tsakani da Allah sau nawa muke kabbara hankalinmu na kan gado mai lamba 6? Yanzu kafin in amshi dutin dare sai na zauna minti 5 kan benci bayan ɗakin magani, kuma wallahi bakina ya rage kaifi.

Roƙona, tunda muna da ƙwararru a asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, ƙungiyarmu ta nas-nas da unguwarzoma ta ƙasa, wato NANNM, ta gayyato su su koyar da mu wannan tsarin, a sa shi ma a makarantun jinya tun yara na aji ɗaya.

Amma kar manya su fake da wannan. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta ce irin gajiyar da ke sa ma'aikaci ya ƙosa daga wurin aiki take tasowa, numfashi kuma ba zai maida nas biyu su zama biyar ba. A ɗauki ma'aikata, a gyara janareta.

Wata nas, Mabera, Sakkwato