A riƙa tambayar majiyyata irin jiƙon da suke sha

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida mai albarka domin in yi magana da 'yan uwana ma'aikatan asibiti. Ni ma'aikaciyar jinya ce da na yi ritaya, kuma yawancin aikina a ɗakin haihuwa na yi shi.

Da wuya majiyyaci ya zo asibiti bai fara gwada wani abu a gida ba, ko jiƙon sabara, ko ganyen darbejiya, ko habbatus sauda da zuma, ko rubutu. In an ba shi ƙwaya ma ba dainawa yake yi ba, haɗawa yake yi. Amma ba zai faɗa ba, domin ya san tsawa za a daka masa a gaban jama'a. Sai likita ya rubuta magani alhali rabin labarin kawai ya ji. Wannan ɓoyon shi ne yake tayar mini da hankali.

Mu ɗauki jego. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a nan Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga matan da ba su daɗe da haihuwa ba, suka kuma danganta shi da yawan shan kunun kanwa, da wankan ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zuciyar da ta gama ɗaukar nauyin ciki ta ƙara wahala. Na ga masu jego da aka kawo ƙafafu a kumbure, numfashi sama-sama, kakar jariri na tsaye tana rantsuwa ba a ba su komai ba.

To amma jegon kansa ai alheri ne. Kwana arba'in mace tana hutawa, ana dafa mata farfesu, uwa ko gwaggo na ɗauke mata aiki da rainon jariri, ba a barin ta ita kaɗai da tunani. Wane asibiti ne zai iya yi mata wannan? Duk lokacin da na zauna da tsohuwa na ce mata, "Inna, a ci gaba da kula da ita yadda aka saba, kanwar kawai za a cire, ruwan wankan kuma a sirka shi," sai in ga ta saurara. Wadda aka ce wa al'adarta jahilci ce kuwa, gida take komawa ta ƙara kanwar.

Masu raina itatuwa su tuna cewa maganin zazzaɓin cizon sauro da muke bayarwa yau daga wani tsiro ɗan uwan tazargade aka samo shi a ƙasar Sin, har masaniyar kimiyyar nan Tu Youyou ta samu kyautar Nobel a kansa a 2015. A nan gida ma, cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta samar da maganin Niprisan domin masu sikila daga haɗin wani mai maganin gargajiya, kuma a cikinsa akwai masoro da kanumfari da karan dafi. Abin da ya bambanta su da jiƙon tasha shi ne an gwada, an san awo.

Ba na goyon bayan masu lasifika da ke zagaya kasuwanni da kwalba ɗaya mai maganin basir da sanyi da shawara da taifot. Jama'a su sani, lambar NAFDAC mai ƙarewa da harafin L tana nufin an duba ba a ga cutarwa ba, ba wai an tabbatar maganin yana warkarwa ba.

Roƙona ga ma'aikatun lafiya na jihohinmu shi ne a ƙara layi ɗaya a katin asibiti: "Wane maganin gida ake sha?" A koya wa ma'aikata yin tambayar da sakin fuska. Sannan ranar 31 ga Agusta, ranar maganin gargajiya ta Afirka, a rage jawabai, a zaunar da ungozomomi da wanzamai da masu ɗori tare da likitoci, a yi yarjejeniya kan alamomin da in an gan su za a garzaya da mutum asibiti.

Wassalam,
Tsohuwar ma'aikaciyar jinya, Tudun Wada, Zariya